Yadda Ake Ɗaukar Busar Saksofon a Daji: Jagora Daga Kumasi

Tun da na fara fitar da busar da nake ɗauka a daji, tambayoyi uku ne suke ta dawowa, daga samarin unguwannin Aboabo da Asawase a Kumasi har waɗanda suke busa a bandunan biki: da wace na'ura, a ina, kuma nawa za a kashe? Wasu sun gwada da waya, suka dawo da hucin iska da ƙarar babur. Wasu kuma sun ɗauka a situdiyo ake busawa sannan a ɗora kukan tsuntsaye a kwamfuta. Ana yin hakan, amma kunne yana ganewa. Abin da nake nufi a nan shi ne mutum ɗaya da saksofon ɗaya, babu ganga babu jita, yana tsaye a cikin kurmi ko a bakin ruwa, wurin da kansa ya zama abokin busarsa. Mafi yawan aikin ana gama shi ne tun kafin a danna jan maɓalli: zaɓen wuri, zaɓen lokaci, da kare makirfo daga iska. Ga matakan bi da bi.

1. Zaɓi wuri da kunnenka

Mu mutanen Kumasi Allah ya hutar da mu, domin ba sai mun yi nisa ba. Kurmin Bobiri yana kusa da Kubease a kan hanyar Ankara, idan ka wuce Ejisu. Owabi yana arewa maso yamma da gari, ta hanyar Sunyani, inda madatsar ruwa take. Tafkin Bosomtwi yana da nisan kusan kilomita 30 kudu maso gabas, ana bi ta Kuntanase a gangara Abono. Mai son duwatsu da ruwa mai zubowa sai ya ƙara gaba zuwa Bomfobiri, wajen Kumawu.

Kowanne da irin muryarsa. A cikin kurmi mai manyan itatuwa irin na Bobiri, sauti yana bugun gindin itatuwan ya warwatse, sai ya dawo maka da ɗan taushi, gajere, mai daɗi. A bakin tafki fili ne, babu abin da zai mayar maka da sauti, busar takan fito a bushe, sai dai ka samu motsin ruwa da masunta a kan katakonsu suna tuƙi da hannu. Wurin duwatsu shi ne mai amsa-kuwwa ta gaske.

Kada ka ɗauki saksofon a zuwan farko. Je da rakoda da abin ji na kunne kawai. Idan ka isa wurin da ya yi maka, tsaya cik, kunna rakoda, ka saurara na minti 10 ba tare da magana ba. Abin da kunne ya saba kawar da kai gare shi, makirfo ba ya yafe shi: tirela a kan babbar hanya daga nisan kilomita biyu, injin yankan katako, injin masu galamsi (masu haƙar zinariya ba bisa ƙa'ida ba), janareto, lasifikar sanarwa ta ƙauye, jirgin sama mai sauka Kumasi. Idan ka ji gurnanin mota can ƙasa-ƙasa ba ya yankewa, bar wurin, ko da kyansa ya kai ina. Sa tudu ko kwari tsakaninka da hanya. Tudu ya fi itatuwa tare ƙara nesa ba kusa ba.

Bayan sauraro sai gwajin tafi. Tafa hannu sau ɗaya da ƙarfi, ka ji abin da zai dawo. Sauti yana tafiyar kusan mita 345 a cikin daƙiƙa ɗaya a irin zafinmu. Dutsen da yake mita 17 daga gare ka zai mayar da sautin bayan kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa, wanda shi ne iyakar inda kunne yake fara jin amsa-kuwwa daban da asalin sauti. Dutsen da yake mita 50 zai mayar da shi bayan kusan sulusin daƙiƙa, kuma wannan ne ya fi dacewa da busa a hankali, domin kana iya jefa sauti ka jira ya amsa maka. Yi taku goma gaba, ka sake tafawa. Taku goma baya, ka sake. Inda ya fi daɗi, ajiye dutse ko ka ɗaura tsumma a reshe don ka gane wurin gobe.

Gargaɗi: ruwa mai zubowa daga dutse yana da kyau a ido, amma ƙararsa tana rufe komai, daga sauti mai kauri har siriri. Idan kana son a ji shi, matsa nesa har sai ka iya yin magana ƙasa-ƙasa da abokinka kuna jin juna sarai.

2. Nemi izini, ka ɗauki ɗan rakiya

Owabi da Bomfobiri suna ƙarƙashin sashen kula da namun daji na Hukumar Gandun Daji ta Gana. Bobiri kuwa cibiyar binciken gandun daji ta FORIG, mai hedikwata a Fumesua, tana da hannu a kula da shi. Je ofishin bakin ƙofa, ka faɗi gaskiyar abin da ya kawo ka: busa za ka yi, za ka ɗauka, kuma kana iya fitar da shi ga jama'a. Tambayi kuɗin shiga, kuɗin ɗan rakiya, da ko akwai wani kuɗi na daban don ɗaukar sauti ko bidiyo. Karɓi rasiti. Abin da ya fi muhimmanci, tambayi ko za su bar ka ka shiga da sassafe kafin lokacin buɗe ƙofa, domin a nan ribar take.

A ƙauyukan bakin Bosomtwi, gaida dattawa kafin ka buɗe jaka. Tafkin wuri ne mai alfarma a wurin Asantawa, kuma wasu ƙauyuka suna da ranakun da ba a shiga daji ko gona. Baƙon da ya fara busa a irin wannan rana ya jawo wa kansa magana, ya kuma ɓata wa na bayansa. Gaisuwa da ɗan abin goro ga mai gari ba ta rage komai.

Ɗan rakiya kuwa ba don tsaro kaɗai ba ne. Shi ya san inda masu yankan katako suke aiki a wannan mako, da hanyar da 'yan makaranta masu yawon buɗe ido suke bi. Ka yi masa bayani tun farko: "Yallaɓai, idan na ɗaga hannu, don Allah a tsaya a inda ake, ba taku ba tari, sai na sauke." Ka roƙe shi ya kashe wayarsa.

3. Lokaci: asuba ce kasuwarka

Iska ta fi kwanciya daga fitowar alfijir zuwa wajen ƙarfe 8. Rana tana fitowa wajen ƙarfe 6 kusan duk shekara a nan, kuma tsuntsaye sun fi kuka a rabin sa'a kafin fitowarta da sa'a guda bayanta. Wanda zai taso daga Zango bayan sallar asuba ya kama tirotiro, wato ƙaramar bas ta haya, a tashar Asafo, kafin ya isa an ci rabin kasuwa. Gara ka kwana kusa. Akwai masauki a Bobiri, akwai kuma a Abono da kewaye. Yi sallah a can, ka kama hanya da tocila.

Yamma liƙis ma tana da daɗi, sai dai gyare da kwaɗi suna tashi da ƙarfi. Kukan gyare siriri ne mai huda kunne, yana zama daidai inda hasken muryar saksofon yake, kuma babu kwamfutar da za ta cire shi ba tare da ta ɓata busar ba. Idan kana son sa, to. Idan ba ka so, tsaya ga safiya.

Zaɓen rana ma aiki ne. Asabar ranar jana'iza ce a ƙasar Asante, lasifika tana kaiwa har tsakiyar daji. Lahadi coci-coci. Ranakun hutu kuwa Abono takan cika da masu shaƙatawa da kiɗa. Talata, Laraba da Alhamis su ne naka.

Game da shekara: babbar damina daga wajen Afrilu zuwa Yuli, ƙarama daga Satumba zuwa Nuwamba, hunturu daga Disamba zuwa Fabrairu. Da damina daji ya fi rai, amma ko bayan an ɗauke ruwa ganye yana ci gaba da ɗiga na sa'o'i, kuma ɗigo ɗaya a kan makirfo ya isa ya kashe maka ɗauka mai kyau. Da hunturu babu ruwa, sai ƙura da busasshen ganye mai ƙara a ƙarƙashin ƙafa. Ni na fi son Agusta da ƙarshen Nuwamba: ƙasa da ɗan danshi, sama ba ta cika zubarwa ba.

4. Kayan aiki da abin da za su ci

Zan faɗi farashi da dala, tun da na sidi ba ya zama wuri ɗaya, kuma kayan duk shigo da su ake yi. Ƙara wani abu a kai don kuɗin kwastan da ribar ɗan kasuwa.

Mafi sauƙi shi ne ƙaramar rakoda mai makirfo biyu a kanta, irin Zoom H1n ko Tascam DR-05X, kusan dala 100. Da ita kaɗai ana iya yin aiki mai kyau idan an iya ajiye ta. Mataki na gaba, wanda nake ba kowa shawara idan da hali, shi ne rakoda mai makirfonta biyu da kuma ramukan saka wasu, irin Zoom H5 ko Tascam DR-40X, tsakanin dala 200 da 300. Amfaninta shi ne ka ɗauki saksofon da makirfo ɗaya na kusa, ka ɗauki daji da biyun da suke kanta, kowanne a layinsa, ka haɗa su yadda kake so a gida. Makirfon kusa ba sai mai tsada ba. Shure SM57, kusan dala 100, yana jure danshi da wahala, ba ya kuma buƙatar wuta daga rakoda. Makirfo masu neman wutar 48V sun fi kama sirrin sauti, amma suna shan batir, kuma idan raɓa ta shige su sai su fara tsartsatsi.

Abin da ba a tafiya sai da shi: rigar gashi ta makirfo, wato murfin nan mai dogon gashi da 'yan fim suke sawa. Soson da yake zuwa a cikin kwali ba ya tare iskar waje. Sayi rigar gashi wadda aka ɗinka daidai da rakodarka, wata kuma don makirfon kusa. Ita ce mafi araha a jakar, kuma rashinta ne ya fi ɓata wa mutane aiki.

Sauran: sandar makirfo ɗaya, ƙafa uku irin ta kyamara don ɗora rakoda, waya mai kai uku ta mita 5 zuwa 10, abin ji mai rufe kunne gaba ɗaya, batir AA ninki biyu na abin da kake zato ko fawa-banki, tabarma ko tsohuwar darduma, leda babba saboda ruwa, da ruwan sha. Takalmi ya zama mai rufe ƙafa har idon sawu, wando dogo, saboda maciji da kwarkwasa.

Gargaɗi kan memori: jabu ya yi yawa a kasuwa, yana nuna 32GB amma ya cika tun a rabin hanya ko ya lalata fayil. Sayi na kirki, ka goge shi a cikin rakodar kanta, ka bar ta tana ɗauka na sa'a biyu a gida, ka saurari farko da ƙarshe. H5 ba ta karɓar wanda ya wuce 32GB.

Idan kuɗi bai kai ba, yi haya. Masu haɗa sauti a wuraren biki da ƙananan situdiyo suna ba da makirfo da sanda na yini. Rigar gashi da abin ji dai ka mallaki naka.

5. Shirya saksofon tun a gida

Makirfo na kusa yana jin abin da 'yan biki ba sa ji: ƙwas-ƙwas na maɓallai, fata mai yoyon iska, ƙugiyar igiyar wuya tana kaɗawa. Mako guda kafin tafiya ka ɗauki kanka a ɗaki, ka saurara da abin ji. Ɗiga man maɓalli a gaɓoɓin da suke ƙara. Idan sautuka na ƙasa suna wahalar fitowa a hankali, akwai yoyo, kai wa mai gyara. Masu busa a bandun 'yan sanda da na coci sun san inda suke. Naɗe ƙugiyar igiya da ɗan salatif.

Sai rid, siririn karan nan da ake ɗaurewa a bakin busa. Kwalin guda 10 na Vandoren ko D'Addario yana cin kusan dala 30 zuwa 40. Zaɓi guda huɗu da ka riga ka hore su kwanaki, kada ka buɗe sabo a daji. Idan ka saba da rid mai taurin lamba 3, ɗauki 2.5 ma, domin busa a hankali ta fi sauƙi da mai laushi. Da hunturu kara yakan bushe ya lanƙwashe cikin 'yan mintoci idan ka ajiye saksofon. Riƙe ƙaramar kwalbar ruwa don jiƙa shi, ka rufe bakin da murfinsa duk lokacin da ka huta. Rid na roba irin Légère bai damu da yanayi ba, guda ɗaya yana kusan kuɗin kwalin kara, kuma ya cancanci zama a jaka ko don ranar da kara ya ƙi.

Danshin kurmi yana sa fatun maɓallai su manne, musamman na G shaf da C shaf na ƙasa. Zura 'yar takarda mai tsabta a ƙarƙashin fatar, danna a hankali, ka ja. Yi wannan kafin kowace ɗauka.

Gargaɗi: maganin sauro mai sinadarin DEET yana cin roba, yana kuma ɓata fentin saksofon. Shafa shi a wuya da ƙafa, ka wanke hannu da sabulu kafin ka taɓa kayan.

6. Kafa makirfo

A nan ne ya kamata ka ɓata lokaci, ko da zai cinye maka rabin sa'a.

Fara da inda za ka tsaya. Share busasshen ganye da hannu ko reshe, ka duba ƙasa sosai kada ka tsaya a kan layin kwarkwasa, sannan ka shimfiɗa darduma. Mai busa ba ya tsayawa ƙyam, yana jujjuya ƙafa ba tare da ya sani ba, kuma kowane motsi a kan ganye zai fito. Juya bayanka ga inda iska take fitowa don jikinka ya tare wa makirfo. Idan akwai dutse ko jerin manyan itatuwa da suka ba ka amsa a gwajin tafi, fuskance su.

Kuskuren da kusan kowa yake yi shi ne cusa makirfo a cikin faffaɗan bakin saksofon. Sautuka mafi ƙasa ne kawai suke fita ta can gaba ɗaya. Sauran suna fita ne ta ramukan da suke jikin kayan. Wanda ya cusa makirfo a baki zai samu wasu sautuka suna tsawa, wasu sun ɓace, ga kaushi. Ajiye makirfon kusa a tazarar santimita 30 zuwa 50, sama kaɗan da bakin, yana kallon tsakanin bakin da yatsun hannun hagu. Idan soprano miƙaƙƙe kake busawa, sa shi ya kalli tsakiyar jikin daga gefe.

Rakoda mai ɗaukar daji kuma ka ɗora ta a ƙafa uku, tsayin kunnen mutum, mita 3 zuwa 5 daga gabanka. Duk lokacin da ka ninka tazara a fili, ƙarfin saksofon yana raguwa da desibel 6 (desibel shi ne awon ƙarfin sauti), alhali kukan daji yana nan yadda yake. Da wannan kake auna rabon kowa: matso da ita, saksofon ya rinjaya, ja ta baya, daji ya shigo. Sa abokinka ya riƙe abin ji yana matsar da ita taku-taku kana busawa, har ya ce maka "nan ne". Sannan ku yi musanya ta hanyar ɗaukar minti ɗaya ka saurara da kanka.

Idan rakoda ɗaya kawai gare ka, babu makirfon kusa, fara da mita ɗaya da rabi zuwa biyu, ka gyara daga nan. Abin da ka ɗauka shi ke nan, ba za a iya raba shi daga baya ba, don haka ka yi gwaji uku a tazara daban-daban kafin ka tsai da shawara.

Kada kowa ya riƙe rakoda a hannu yayin ɗauka. Motsin yatsa yana shiga. Ɗora dutse a gindin sanda don kada ta kaɗa, kuma kada waya ta rataya tana bugun ƙarfe.

7. Saita rakoda

Zaɓi nau'in fayil na WAV, 24-bit, 48kHz. Kada ka ɗauka da MP3. A wannan saiti layi biyu suna cin kusan 1GB a sa'a, don haka wuri ba matsala ba ne. Kashe saitin da yake ɗaga ƙarfi da kansa, domin duk lokacin da ka yi shiru zai ɗago kukan daji, ka busa ya danne shi, sai ɗaukar ta riƙa numfashi.

Busa sauti mafi ƙarfi da ka san za ka yi a ranar, ka juya ƙarfin shiga har ma'aunin rakoda ya tsaya wajen desibel -12, wato ƙasa da sifili. Gara a yi ƙasa a ɗaga a gida da a wuce sifili, domin sautin da ya fashe ba ya gyaruwa. Sababbin rakodoji masu 32-bit float irin Zoom F3 sun rage wannan damuwa, amma ba dole ba ne.

Kunna matatar yanke ƙasa, wadda take rage sautuka masu kauri sosai, a 80Hz. Sauti mafi ƙasa na saksofon alto yana wajen 139Hz, na teno wajen 104Hz, don haka ba ka rasa komai ba sai gurnanin iska. Mai baritone ne kawai zai bar ta a kashe, tun da nasa yana sauka ƙasa da 70Hz.

Duk wayoyin da suke wurin a sa su a yanayin jirgi. Wayar da take neman sabis a daji tana sa wa makirfo tsiwa.

Gargaɗi: a wasu rakodoji dannawa ɗaya shiri ne kawai, jan fitila tana ƙiftawa, sai ka sake dannawa take fara ɗauka. Kalli lambobin lokaci ka tabbatar suna tafiya kafin ka koma kan darduma.

8. Busar kanta

Dumama saksofon na minti biyar kafin ka duba daidaiton sauti. Kayan da yake da sanyi sautinsa yana ƙasa, yana ɗaukar zafi yana hawa, don haka abin da ka saita da ƙarfe 6 ba zai zauna ba idan rana ta taɓa ƙarfen. Ja bakin busa waje kaɗan, ka tsaya a inuwa.

Da ka fara ɗauka, faɗi rana da wuri da lambar ɗaukar da bakinka, tafa hannu sau ɗaya a inda saksofon yake, sannan ka yi shiru na daƙiƙa 30. Idan ka gama busa ma kada ka motsa, kada ka sauke kayan daga baki da sauri, ƙirga 20 a zuci. Waɗannan gefuna biyu su ne ƙofar shiga da ta fita ga mai sauraro, kuma mutane suna yawan yanke su da "yawwa!" ko tari.

Abin da zai ba ka mamaki a karon farko shi ne yadda muryar saksofon za ta zama ƙarama a kunnenka. Ka saba da bango yana mayar maka da ita. A daji babu. Jiki zai ce ka ƙara ƙarfi. Kada ka biye masa. Wanda ya yi kokawa da fili leɓensa zai mutu cikin minti 20, sautinsa ya yi kaushi, tsuntsayen kusa kuma su watse ko su yi tsit. Makirfo yana jin ka sarai. Busa kamar kana magana da mutum ɗaya da yake zaune a gabanka.

Irin kiɗan da ya dace ma daban ne da na biki. Gudun yatsu da yake tayar da mutane a fagen rawa, a kurmi yakan zama hayaniya. Dogayen sautuka, gajerun jimloli, da tazara a tsakani. Waƙoƙinmu masu tafiya a kan sautuka biyar, irin waɗanda kunnen Bahaushe ya tashi da su a sarewa da algaita, suna zama daram a wannan yanayi. Busa jimla, ka tsaya ka ji. Wani lokaci ragon maza zai sako kukansa mai gangarowa daga cikin ciyawa daidai inda ka ajiye, ko cilakowa ta wuce a sama. Ka ba su wuri, sannan ka amsa. Wannan shi ne dalilin ɗauko kaya zuwa daji tun farko, kuma mai busar da bai bar shiru ba ya yi tafiyar banza.

Yi kowace waƙa daga farko har ƙarshe sau uku. A situdiyo ana iya ɗauko rabi nan rabi can a haɗa, a daji kuwa wurin haɗin yana bayyana, domin tsuntsu zai yanke a tsakiyar kuka. Idan ka yi ɗan kuskure, wuce. Idan babur ko jirgi ya shigo, tsaya, jira ya ɓace ƙurmus, ka sake daga farko. Tsakanin ɗauka da ɗauka cire wuyan saksofon ka zubar da ruwan da ya taru, in ba haka ba za a ji yana tafasa a cikin busar.

Kafin ka naɗe kaya, ɗauki minti 3 na dajin kaɗai, makirfo yana inda yake. Idan ɗan rakiya ya ce tsuntsaye suna sheƙa kusa, matsa. Kada ka bar batir ko ledar ruwa a wurin.

9. Gyara a gida

Da isarka kwafi fayilolin wuri biyu kafin ka goge memori. Buɗe akwatin saksofon ya sha iska, goge cikinsa, ka ajiye makirfo a jaka da 'yan ƙullin silika masu tsotse danshi.

Audacity, manhajar gyaran sauti ta kwamfuta, kyauta ne kuma ya isa. Reaper ya fi sauƙin haɗa layuka da yawa, lasisinsa na mutum ɗaya dala 60. Jera layin kusa da na nesa, ka nemi wurin tafin nan. Za ka ga na nesa ya makara da kusan milisakan 3 a kowace mita, wato wajen 12 idan tazarar mita 4 ce. Ja shi ya daidaita da na kusa, ka saurara. Mayar da shi yadda yake, ka sake saurara. Wanda ya fi cika da kauri shi za ka bari.

Fara haɗawa daga layin daji, ka ɗago na kusa a hankali har saksofon ya fito fili, ka tsaya nan. Idan busar ta yi bushewa da yawa, ana iya ƙara amsa-kuwwar kwamfuta a layin kusa kaɗai, amma kamar gishiri a miya: da an ji shi daban, ya yi yawa. Ka guji matatar cire hayaniya. Ba ta san bambancin hayaniya da daji ba, za ta mayar da kukan tsuntsu kamar ana busa a ƙarƙashin ruwa. Inda tari ko karyewar reshe ya faɗo a cikin shiru, yanke shi ka cike gurbin da ɗan yanki daga minti ukun da ka ɗauka, ka narkar da gefunan.

Saurara a wuri uku kafin ka ce an gama: abin ji, lasifikar mota, da lasifikar waya, tun da a waya yawancin mutanenmu za su ji shi.

10. Fitarwa

Spotify da YouTube suna daidaita ƙarfin waƙoƙi a wajen -14 LUFS (awon ƙarar waƙa gaba ɗayanta), don haka matse sauti don ya yi ƙara ba ya ƙara maka komai, sai dai ya kashe bambancin tsakanin busa a hankali da mai ƙarfi. Bar ƙololuwar sauti a desibel -1. Ɗora WAV a Audiomack, Boomplay ko duk inda kake so. Idan za ka tura wa wani ta WhatsApp, tura shi a matsayin takarda (document), domin ta hanyar saƙon murya ana matse shi ya lalace.

Idan waƙar wani ka busa, nemi izininsa kafin ka sayar. Idan taka ce, yi mata rajista a Ofishin Haƙƙin Mallaka ƙarƙashin dokar 2005, ka kuma shiga GHAMRO, ƙungiyar karɓar haƙƙin mawaƙa ta Gana, don karɓar haƙƙinka idan rediyo ko talabijin suka sa. Rubuta sunan wurin da watan da aka yi ɗaukar a jikin kowace waƙa, ka aika wa ofishin da ya ba ka izini kwafi ɗaya, domin zuwa na gaba su buɗe maka ƙofa da asuba ba tare da dogon bayani ba.